Noti Mai Huda na Ƙarfen Titaniyam a Ɗorin Wuyan Ƙashin Cinya: Fa'idarsa da Sharuɗɗansa

Bahasin da na zo da shi wannan taro ya shafi wani ɗan ƙarfe wanda tsawonsa bai cika wuce santimita 10 ba, kaurinsa kuma milimita 6.5 ne ko 7 ko 7.3, watau notin nan mai huda tun daga kansa har bakinsa, wanda ake ƙerawa da ƙarfen titaniyam, ake ɗaure karyayyen ƙashi da shi daga ciki. Ko da yake ana aiki da shi a gaɓoɓi da dama, zan tsayar da magana a kan wuyan ƙashin cinya, domin a nan ne aka fara bukatar hudar, a nan ne kuma fa'idarta da iyakarta suka fi fitowa fili. Ra'ayin da nake so in kafa wa hujja shi ne, albarkar wannan noti ta fi yawa a hudarsa bisa ga ƙarfensa, kuma hudar nan kanta ba ta amfanar majinyaci face an mayar da ƙashin mazauninsa daidai, an ga abin da ake yi ta na'urar hoto, an kuma sami mai karayar tun wuyan ƙashin bai zaizaye ba.

Ya kamata mu fara da sanin wurin da ake aikin. Ƙashin cinya, wanda shi ne mafi tsawo da ƙarfi a jikin ɗan Adam, idan ya iso ƙugu ba ya shiga gurbinsa a miƙe, sai ya karkata ciki da wani gajeren wuya wanda ya yi kusurwa ta wajen digiri 125 zuwa 135 da sandar ƙashin, sa'an nan ya ƙare da dunƙulallen kai wanda ke juyawa cikin gurbin ƙugu. Duk nauyin gangar jiki ta kan wannan wuya yake bi kafin ya sauka ƙafa, saboda haka in ya karye, kowane motsi neman raba guntayen biyu yake yi. Abin da ya fi wannan tsanani shi ne sha'anin jini, gama mafi yawan jinin da ke ciyar da kan ƙashin yana zuwa ne ta wasu ƙananan jijiyoyi da ke kwance a bayan wuyan suna hawa zuwa kai, ta yadda karayar da ta goce takan tsinka su ko ta lanƙwasa su, kan ƙashin ya rasa abinci, bayan watanni ya mutu ya rufta. Bugu da ƙari, wuyan yana cikin jakar gaɓa, ruwan gaɓa na wanke shi dare da rana, kuma ba shi da kaurin fatar nan da ke lulluɓe da sauran ƙasusuwa wadda takan tsiro da sabon ƙashi ta kewaye karaya, don haka ba ya haɗewa sai an matse fuskokin karayar an hana su motsi. Wannan ne ya sa likitan nan na Cikago, Kellogg Speed, ya kira ta a 1935 karayar da ba a warware mas'alarta ba, kuma har yau, duk da abin da aka samu na ci gaba, babu wanda ya isa ya ce an fid da ita daga wannan suna.

Ɗorin da al'ummai suka gada tun zamanin da, daga waje yake kama ƙashi. Abul Ƙasim Az-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba wanda ya rasu wajen 1013 Miladiyya, ya yi bayanin ja da daidaitawa da ɗaure karaya da itace a maƙala ta 30 ta littafinsa At-Tasrif, kuma abin da maɗoran ƙasarmu ke yi da kara da ƙyalle bai yi nisa da wannan asali ba. Ba na cikin masu raina su, gama karayar damtse ko ta ƙwauri wadda ba ta goce ƙwarai ba takan haɗe a hannunsu. Sai dai wuyan ƙashin cinya yana binne ƙarƙashin tsoka mai kauri, guntun da ke sama kuwa gajere ne, yana juyawa cikin gurbi, babu kara ko filasta da za su kama shi. Kafin zamanin fiɗa abin da ake yi wa mai wannan karaya shi ne a kwantar da shi watanni, kuma tsofaffi da yawa kwanciyar ce ke zama sanadin ajalinsu, ta hanyar ciwon huhu da gyambon kwanciya da daskarewar jini a jijiya.

Mafita ta zo ne daki-daki. Wilhelm Röntgen ya gano hasken da ke ratsa jiki ya nuna ƙashi a 1895, Martin Kirschner kuma, shi ma Bajamushe, ya fito da siririyar wayar ƙarfe da ake sokawa cikin ƙashi a 1909. A 1931 Marius Smith-Petersen na birnin Bostan a Amurka ya buga sakamakon wata ƙusa mai fiffike uku da yake kafawa cikin wuyan ƙashin, sai dai shi yakan buɗe gaɓar ne don ya ga inda ƙusar ta nufa, wannan kuwa babbar fiɗa ce ga tsoho mai rauni. Shekara guda bayan haka, a 1932, Sven Johansson na Gotenbog a ƙasar Suwidin ya zo da dabarar da ta zama asalin duk abin da muke tattaunawa yau: ya huda ƙusar nan a tsakiya, ya fara soka siririyar waya, ya ɗauki hoto ya tabbata ta bi hanya, sa'an nan ya zura ƙusar a kan wayar kamar yadda ake zura ƙwayar carbi a zare. Hikimar abin ita ce, idan waya ta kauce ana iya zare ta a sake sokawa ba tare da an yi wa ƙashi wata babbar ɓarna ba, alhali ƙusa ko noti in ya kauce ya riga ya bar ramin da ba ya cikewa a ranar. Daga baya aka lura cewa bugun ƙusa da guduma yakan tura kan ƙashin ya buɗe karayar, noti kuwa jawo shi yake yi, sai hankali ya koma ga noti, musamman bayan da likitocin Suwizalan, Maurice Müller da Martin Allgöwer da Hans Willenegger da Robert Schneider da abokansu, suka kafa ƙungiyar AO a 1958, suka shimfiɗa ƙa'idojin matse karaya. Notin mai huda irin wanda muka sani yanzu ya yaɗu ne daga wajen 1980, lokacin da na'urar hoto mai motsi, wadda ke nuna ƙashi a allo nan take, ta zama ruwan dare a ɗakunan tiyata na Turai da Amurka.

Bari in kai ku ɗakin tiyata, domin wanda bai taɓa ganin aikin ba ya gan shi da zuci. An kwantar da majinyaci rigingine a kan gadon ja, an ɗaure sawunsa cikin takalmin gadon, an buɗe ɗaya ƙafar gefe don na'urar hoto ta sami wurin shiga ta juya. Kafin a taɓa wuƙa, likita zai ja ƙafar a hankali, ya juya ta ciki, idonsa na kan allo, har layin wuyan ya daidaita ta gaba da ta gefe. In kuwa ya ƙi daidaita bayan gwaji mai sauƙi, ga matashi wajibi ne a buɗe a daidaita da hannu, gama maimaita murɗa ƙafa da ƙarfi yana ƙara wa jijiyoyin da suka saura lahani. Idan an gamsu, sai a yi 'yar tsaga a gefen cinya, a soka waya ta fari ta bi ƙasan wuyan tana kusan shafar ɓawon ƙashi mai tauri na wurin, sa'an nan ta biyu ta sama daga baya, ta uku ta sama daga gaba, su yi kusurwa uku mai tsini a ƙasa, dukkansu a jere, babu wadda ta gitta wa wata. Ana kiyayewa kada mashigar wayar ƙasa ta gangara ƙasa da ɗan tudun nan na cikin cinya, domin rami a wannan wuri yakan raunana sandar ƙashin ta karye daga baya. Za ka ga likita ya tsaya, ya ce wa mai na'ura, “juya mini gefe,” ya dubi allo, ya zare wayar baya, ya gyara hannunsa kaɗan, ya sake sokawa, ya sake cewa a juya. Wannan tsayawa da sakewa su ne ribar da huda ta kawo. Sai an yarda da wayoyin uku ake auna tsawonsu, a huda ɓawon ƙashi da abin huda wanda shi ma yana da rami a ciki, a zura noti a kan kowace waya a murɗa da hannu, har bakinsa ya tsaya wajen milimita 5 kafin fuskar gaɓa. A ƙarshe a sassauta jan ƙafar, a ƙara matse notin, a juya na'urar ta kowace fuska don a tabbata babu bakin da ya leƙa cikin gaɓa, a zare wayoyin, a ɗinke.

A ƙirar notin akwai abin da ya cancanci a tsaya a kansa. Haƙoransa ba su cika jikinsa ba, suna can wajen baki ne kawai, tsawon milimita 16 ko 32, saura kuwa sumul yake. Dalili shi ne, idan haƙoran duka sun ƙetare layin karaya sun ciji kan ƙashin, kan notin kuma ya dogara da ɓawon cinya daga waje, to kowane murɗi jawo guntun sama yake yi yana manna shi da na ƙasa. Amma in haƙora suka tsaya rabi nan rabi can a kan layin, sai su tokare karayar a buɗe, aikin ya tafi a banza ko da hoto ya yi kyau ga ido. Shi ya sa kuma ake jera su, domin lokacin da bakin karaya ya ɗan narke a makonnin farko, kamar yadda al'adarsa take, kan ƙashin ya iya zamewa ya zauna, notin su ja baya kaɗan maimakon su huda gaɓa. Ɗalibai sukan tambaya ko huda ba ta rage wa noti ƙarfi, jawabin kuwa yana cikin lissafi mai sauƙi: juriyar sandar ƙarfe ga lanƙwasa da murɗewa tana bin kaurinta ne idan an ninka shi a kansa har sau huɗu, saboda naman da ke gefe shi ke ɗaukar mafi yawan wahala, na tsakiya kaɗan yake ɗauka. Saboda haka in faɗin huda ya kai rabin kaurin sanda, an cire kashi 1 cikin 4 na ƙarfen, amma juriyar da aka rasa kashi 1 cikin 16 ce kacal. Inda hasarar take a haƙiƙa shi ne a haƙora, domin maƙera sukan ƙara kaurin jikin noti don su ba huda wuri, haƙoran su gajarta, cizonsu cikin ƙashi mai laushi irin na tsofaffi ya ragu. A irin wannan ƙashi ne kuma ake saka ɗan faifan ƙarfe ƙarƙashin kan noti don kada ya nutse.

To, mu juya ga ƙarfen kansa. Wani limamin coci a Konwal ta Ingila, William Gregor, shi ya fara gano shi cikin baƙin yashi a 1791, masanin nan na Jamus Martin Klaproth ya raɗa masa suna a 1795, amma ya zauna kusan shekara 150 ba a iya tace shi da yawa ba, sai da William Kroll, mutumin Lukzambog, ya fito da hanyar da ake bi har yau, wajen 1940. Ma'adininsa yana da yawa a doron ƙasa, Saliyo ma tana cikin ƙasashen da ake haƙarsa, tsadarsa daga wahalar tacewa da ƙira take. A 1940 ɗin ne wasu masu bincike, Bothe da abokansa, suka dasa ƙarafa iri-iri a ƙashin kyanwa suka ga ƙashi ya manne wa titaniyam, wani mai bincike, Leventhal, ya ƙarfafa wannan a 1951, sa'an nan Per-Ingvar Brånemark na Suwidin, wanda ya tarar a 1952 cewa ɗan bututun titaniyam da ya dasa a ƙafar zomo ya ƙi fita, ya gina ilmin dashen haƙori a kan wannan, ya yi wa mutum na farko a 1965. Sirrin abin wata 'yar fata ce da ƙarfen ke yi wa kansa da zarar ya haɗu da iska, siririya ƙwarai har ido ba ya ganinta, wadda ke hana shi tsatsa cikin ruwan jiki mai gishiri, in an kankare ta kuma ta sake tsirowa. Wanda ake ƙera noti da shi galibi gami ne, da kashi 6 cikin 100 na alminiyam da kashi 4 na banadiyam, wasu kuma sukan musanya banadiyam da kashi 7 na niyobiyam. Nauyinsa bai kai kashi 60 cikin 100 na ƙarfe marar tsatsa ba, taurinsa wajen lanƙwasa kuma kusan rabin nasa ne, watau wajen 110 a ma'aunin gigafaskal inda wancan ke da wajen 200, ɓawon ƙashi kuwa bai wuce 20 ba. Babu nikel a cikinsa, wanda jikin wasu mutane ba ya shiri da shi. Fa'idarsa mafi girma ga karayar da muke magana a kai ita ce, ba ya ɓata hoton MRI kamar yadda ƙarfe marar tsatsa ke ɓata shi, alhali wannan hoto shi ne ke fara nuna mutuwar kan ƙashi tun hoton ƙashi na yau da kullum bai nuna komai ba.

Majinyata da iyalansu sukan tambaya ko ya halatta mutum ya zauna da ƙarfe a jikinsa ya yi salla da shi. Malaman fiƙihu sun daɗe da kafa hujja a wannan babi da ƙissar sahabin nan Arfaja ɗan As'ad, wanda aka yanke wa hanci a yaƙin Kulab zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, sai Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya umurce shi da ya sa na zinariya, kamar yadda Abu Dawuda da Tirmizi da Nasa'i suka ruwaito. In zinariyar da aka haramta wa maza ta halatta saboda larura, to ƙarfe mai tsarki wanda ba a haramta wa kowa ba ya fi cancanta. Abin lura ga likita a ƙissar shi ne, illar da ta sa aka musanya ƙarfen ita ce wadda har yau muke auna ƙarafa da ita, watau yadda suke zama da ruwan jiki.

Amma adalci ya wajabta a faɗi aibinsa. Mannewar nan da ƙashi ke yi masa, wadda alheri ce ga dashen haƙori, takan zama fitina ranar da aka zo cire noti, musamman a jikin yara da matasa masu ƙashi mai tauri. Titaniyam ya fi ƙarfe marar tsatsa saurin cinyewa a ramin kai inda sukundireba ke shiga, kuma idan an ƙure shi da murɗi yakan tsinke ba tare da ya yi wa hannu gargaɗi sosai ba. Wanda ya taɓa daɗewa a tsaye yana sassaƙa ƙashi don ya fid da guntun noti, a aikin da aka ce wa majinyaci ƙaramin aiki ne, ya san abin da nake nufi. Maganar da dillalan kayan aiki ke yawan yi, cewa laushinsa ya fi kusa da na ƙashi don haka ba ya ɗauke wa ƙashi aikinsa, tana da nauyi ga dogon faranti ko sandar da ake zurawa cikin ɓargo, amma ga noti uku a wuyan ƙashi tasirinta ƙanƙane ne a ganina. Hukuncin da na tsaya a kai shi ne, titaniyam ya fi dacewa ga wanda ake tsammanin zai bukaci hoton MRI, ko wanda jikinsa ba ya karɓar nikel, ko wanda ba a da niyyar cire masa notin. Ga wanda ba haka ba, noti mai huda na ƙarfe marar tsatsa yana biyan bukata, kuma bai halatta a wurina a jinkirta wa talaka aiki ana jiran ya haɗo kuɗin titaniyam ba.

Saura mas'alar wace karaya ce ta dace da noti. Friedrich Pauwels na Jamus ya raba ta a 1935 bisa tsayuwar layinta: wadda ke kwance, ƙasa da digiri 30, nauyin jiki matse ta yake yi, wadda kuwa ta miƙe ta haura 50, nauyin jiki zamar da ita yake yi, kuma a nan ne noti uku sukan gaza. Robert Garden na Ingila ya raba ta a 1961 zuwa daraja 4 bisa gocewarta, ta 1 da ta 2 ba su goce ba, ta 3 da ta 4 sun goce. Galibin likitoci sun tafi a kan cewa wadda ba ta goce ba noti ne maganinta, tsoho mai karayar da ta goce gara a cire kan ƙashin a sa masa na ƙarfe ya tashi ya taka da wuri, matashi kuwa a yi iyakar ƙoƙari a ceci kan ƙashinsa na asali, domin na ƙarfe ba lalle ne ya kai shi tsufa ba. Binciken nan mai suna FAITH, wanda mujallar Lancet ta buga a 2017, ya ɗauki mutum 1,108 masu shekara 50 zuwa sama a asibitoci 81 na ƙasashe 8, ya kwatanta waɗannan noti da babban noti guda mai zamewa cikin faranti: cikin shekara 2 an sake yi wa kashi 22 cikin 100 na masu noti aiki, da kashi 20 na masu faranti, bambancin da lissafi bai ɗauke shi hujja ba, mutuwar kan ƙashi kuwa ta fi yawa ga masu faranti, kashi 9 a kan kashi 5, ko da yake an ga alamar faranti ya fi wa masu shan taba da masu karayar da ta goce ko ta gindin wuya. Ga waɗanda ba su haura shekara 60 ba, a 2015 wasu masu bincike, Slobogean da abokansa, sun tara rahotannin da aka buga, suka sami mutuwar kan ƙashi a wajen kashi 14 cikin 100, rashin haɗewa a wajen kashi 9, sake aiki a kashi 18. Waɗannan alƙaluma, mafi yawansu daga asibitocin da ba su rasa kayan aiki ba, suna nuna cewa kusan mutum 1 cikin 5 yakan koma ɗakin tiyata ko da wane ƙarfe aka sa masa. Masana sun yi saɓani a kan awa nawa ne iyakar jinkirin da kan ƙashi zai jure, amma sun yi ittifaƙi a kan cewa kyawun daidaitawa shi ne abu mafi nauyi daga cikin abin da ke hannun likita. Noti yana riƙe abin da ya tarar ne, in ya tarar da karkace, karkacen zai riƙe har ya gaji.

A sauran gaɓoɓi ba zan daɗe ba. Ana sa ƙanana, daga milimita 3 zuwa 4.5, a idon sawu da gwiwar hannu da ƙasusuwan tafin ƙafa. Ana sa guda ɗaya babba ga yaro mai tasowa wanda kan ƙashin cinyarsa ya zame a wurin girma. A ɗan ƙashin nan na wuyan hannu kuma ana sa noti marar kai, wanda Timothy Herbert na Sidni a Ostireliya ya bayyana a 1984, haƙoransa na gaba sun fi na baya tazara don ya matse karaya ya nutse cikin ƙashi, daga baya shi ma aka huda shi.

Idan muka dawo gida, muna da manyan asibitoci irin Asibitin Ƙashi na Dala a Kano, wanda aka buɗe a 1959, da asibitocin koyarwa, amma mai karaya ba daga can yake farawa ba. Matashin da babur ya kayar, ko wanda ya faɗo daga bishiya ko gini, sau da yawa gidan maɗori ake fara kai shi, kuma tun da wata karayar wuyan takan cushe cikin juna har mai ita ya iya ɗingisawa, sai a ɗauke ta targaɗe, a yi ta ja da murza. Kafin ya iso asibiti bayan makonni uku ko wata guda, wuyan ya zaizaye, ƙafa ta gajarta, babu sauran abin da noti zai ciza, sai a koma ga fiɗar da ta fi girma da tsada, ko dai a yanka ƙashin a canja masa kusurwa bisa dabarar Pauwels, ko a musanya kan ƙashin baki ɗaya ga yaron da bai yi aure ba. Ina ganin maslaha tana cikin zama da maɗora cikin mutunci a nuna musu alamun da ba sa bukatar na'ura: ciwo a matse-matsi bayan faɗuwa, ƙafa ta gajarta, sawu ya kwanta waje. Wanda ya ga haka ya tura mutum a ɗauki hoto a ranar, ya yi masa alherin da ya fi ɗori.

Haka kuma asibitin da ya sayi noti mai huda alhali na'urar hotonsa ta lalace, ko wuta ba ta tsayawa har a gama aiki, ya sayi rabin kaya ne, gama soka waya cikin duhu ya fi rashinta hatsari. An san wayar jagora takan maƙale cikin abin huda ta yi gaba tare da shi, ta ratsa gaɓa ta shiga ƙugu inda manyan jijiyoyi suke, kuma wadda ta ɗan lanƙwashe abin huda yakan yanke ta guntu ya zauna a ƙashi. Duka biyun allo ne kaɗai ke nuna su tun ba su yi nisa ba. Mafi yawan sababin maƙalewar kuwa yana wurin wankin kaya. Ramin abin huda yakan cika da garin ƙashi da busasshen jini, wanda ruwa da tururi ba sa fid da shi sai ma'aikaciya ta zura siririn burushi ta goge, ta ɗaga shi ga haske ta ga ya fita ta ɗaya bakin, kuma waya da ta taɓa lanƙwashewa wurinta kwandon shara ne, ko da an miƙe ta. Kuɗin da za a kashe a kan mai gyaran na'ura, da rigunan dalma ga ma'aikata, da sababbin wayoyi da burushi, ya fi kuɗin bambancin ƙarfe amfani ga majinyaci.

Bayan sallama daga asibiti aiki bai ƙare ba, domin mutuwar kan ƙashi takan bayyana bayan karaya ta haɗe, mutum ya jefar da sanda ya koma sana'arsa, saboda haka wajibi ne a riƙa ganinsa da hoto har shekara 2 aƙalla, a kuma gaya wa mai shan taba a fili cewa tabarsa tana hana ƙashi haɗewa. Ina roƙon wannan taro ya yarda da wani ƙaramin abu wanda ba ya cin kuɗi: kowane majinyaci a ba shi kati a hannunsa, a rubuta ranar da ya karye da ranar da aka yi aiki, da darajar karayar, da irin ƙarfen, da kaurin notin da tsawonsa, da kamfanin da ya ƙera shi, a kuma ajiye kwafi a asibiti. Mutanenmu matafiya ne, wanda aka yi wa aiki a Kano yana iya zuwa cirewa a Maraɗi ko Kumasi, kuma likitan da ya tsaga fata ya tarar sukundirebansa bai shiga kan notin ba, dole ya rufe ko ya sassaƙa ƙashi. Daga waɗannan katuna ne kuma, in an tara su shekara biyu ko uku, za mu sami alƙaluman kanmu na tazarar da ke tsakanin karaya da fiɗa a garuruwanmu, da abin da tazarar ke haifarwa.